Rana-rana: Aikin Gyaran Kwamfutocinmu Masu Jinkirin Kashewa

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Abin da ya faru shekaranjiya Asabar a ɗakinmu na koyar da kwamfuta ne ya sa na buɗe wannan littafin. An ɗauke wuta wajen ƙarfe huɗu, janareta ya ƙi tashi, UPS-UPS ɗinmu, akwatunan batirin da suke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, suka hau kuka gaba ɗaya. Na ce wa ɗalibai kowa ya adana aikinsa ya kashe. Suka bi umarni, amma kwamfuta ta bakwai ta tsaya a kan shuɗin allon nan, ɗigo-ɗigon suna ta zagayawa, har batirin UPS ya ƙare da ita a haka. Yau da safe ta ƙi tashi. Sai bayan azahar na samu ta buɗe, kuma fayil ɗaya na wata ɗaliba, lissafin kayan shagon mahaifiyarta da ta yi mako biyu tana shigarwa, ya lalace. Ba ta yi magana ba, ta dai tsaya a bayana tana kallon allon. Shirun nata ya fi damuna a kan da ta yi faɗa.

Kwamfutoci goma sha biyu ne a ɗakin, duk na hannu, Core i3 da i5 na zango na huɗu, RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta take aiki da ita a take) giga 4, faifan ajiya irin mai juyawa, Windows 10. UPS shida ne, kowanne yana ɗauke da biyu, kuma batiransu sun gaji, da ƙyar suke kai minti uku.

Bayan an tashi na bi su ɗaya bayan ɗaya da agogon waya, daga lokacin da na danna kashewa har fitilar gaban akwatin ta mutu. Mafi sauri ta yi daƙiƙa 48. Mafi yawansu tsakanin minti ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi. Ta bakwai, minti uku da daƙiƙa 40. Ke nan tun asali ba ta da hanyar tsira idan an ɗauke wuta.

Akwai wani abu da na lura da shi tun tuni ban ɗauke shi da muhimmanci ba: yaran sun koyi danne maɓallin wuta har kwamfuta ta mutu. Ba wanda ya koya musu, jira ne ya koya musu. Kullum ina hana su, alhali na'urar ce take tilasta musu.

Laraba, 10 ga Satumba

Ina zargin manhajar tsaron da muka saya bara, wato antibayiros, wadda Alhaji mai wurin ya biya wa lasisin shekara guda, amma ba na so in ɗora mata laifi da zato. Don haka yau bincike kawai na yi, ban cire komai ba.

Na fara da kashe Fast Startup. Tun daga Windows 8, a 2012, idan ka danna kashewa ba kashewa ta gaske Windows take yi ba. Tana rufe shirye-shiryenka, sannan ta kwashe abin da ke cikin zuciyar tsarin ta rubuta a wani fayil mai suna hiberfil.sys, don gobe ta tashi da wuri. Shi ya sa za ka ga allo ya yi baƙi amma fanka tana juyawa, fitila tana kunne. A wannan ɗan tsakanin ne yara suke zare soket, suna zaton an gama. A faifai mai juyawa rubutun nan yana cin lokaci, kuma yana rikita awo. Da na kashe shi kowace na'ura ta rage ɗan abu, amma ba abin a zo a gani ba.

Na biyu, na shiga rajista, wato ma'ajin saitunan Windows, na kunna VerboseStatus, wanda yake sa Windows ta riƙa faɗin matakin da take kai a lokacin kashewa maimakon zagayen ɗigo kawai. Nan da nan abin ya fara fitowa fili. A na'urori tara, rubutun yana tsayawa ne a wajen dakatar da hidimomi, waɗancan shirye-shiryen da suke aiki a ɓoye ba tare da taga ba.

Na uku shi ne ya ba ni shaida a rubuce. A cikin Event Viewer, kundin da Windows take rubuta abubuwan da suka faru, ƙarƙashin Microsoft, Windows, Diagnostics-Performance, akwai rahoton da Windows take ajiyewa da kanta. Lamba 200 tana faɗin tsawon lokacin da kashewa ta ɗauka. Lamba 201 tana nuna manhajar da ta jawo jinkiri, 202 na'ura ce, 203 kuma hidima. Na buɗe 203 a kwamfuta ta biyu, sai ga sunan hidimar antibayiros ɗinmu, ya maimaitu kusan kowace rana tun watanni. Haka a ta uku, ta biyar, ta takwas. Na ɗauki hoton kowanne da waya, don na san zan buƙace su idan na je gaban Alhaji.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wani abokin sana'a ya leƙo, na nuna masa. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, in rage WaitToKillServiceTimeout a rajista, Windows ta daina jiran kowa. Na san dabarar. Lambar tana nufin tsawon lokacin da Windows za ta jira hidima ta tattara kayanta kafin ta tsinke ta, kuma a Windows 10 daƙiƙa biyar ce tun daga kamfani. To idan biyar ce, ina minti biyu yake fitowa? Amsar ita ce hidima tana iya neman a sanar da ita tun kafin a fara kashewar gaba ɗaya, kuma ta yanka wa kanta wa'adin da take so. Wannan jiran bai shiga cikin waccan lambar ba. Ke nan ko na mayar da ita daƙiƙa ɗaya, mai jinkirin ba zai ji a jikinsa ba, sai dai in cuci sauran hidimomin da suke rubuta abu mai amfani a faifai. Garin neman gira a rasa ido. Ban taɓa ta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki yau shi ne da na buga fltmc a baƙin allon umarni. Wannan umarnin yana jero direbobi, wato ƙananan manhajojin da suke tsaye tsakanin Windows da faifai, suna duba duk fayil ɗin da aka buɗe ko aka rubuta. A nan ne kowane antibayiros yake kafa shingensa. A kwamfuta ta huɗu, ta bakwai da ta goma sha ɗaya na tarar da shingen kamfanoni biyu daban-daban. Wani ya saka antibayiros na kyauta a kan wanda muka saya, wataƙila da kyakkyawar niyya. Sakamakon shi ne duk fayil ɗin da ɗaya ya taɓa sai ɗayan ya bincika, shi ma wancan ya sake bincika abin da wannan ya taɓa. A lokacin kashewa, da Windows take rufe ɗaruruwan fayiloli a tare, faifan sai ya riƙa ƙara kamar ana niƙa. Na kara kunnena a jikin akwatin ta bakwai na ji da kaina: kar-kar-kar, babu tsayawa, fitilar faifai ta tsaya ja ba ta ko ƙiftawa.

Laifina ne a wani ɓangaren. Duk ɗaliban suna shiga ne da asusun mai cikakken iko, kowa yana iya saka abin da ya ga dama.

Asabar, 13 ga Satumba

Gwaji a kan na'ura ɗaya, ta biyu. Na cire antibayiros ɗin ta hanyar da aka saba, na sake kunnawa, na auna: daga minti biyu da daƙiƙa 10 ta dawo 41. Na ji daɗi, amma da na sake duba fltmc sai na ga direbansa ɗaya yana nan daram. Sai da na sauko da manhajar gogewa ta musamman daga shafin kamfanin, na shiga Safe Mode, inda Windows take tashi da abubuwan dole kawai, na gudanar da ita, sannan ya fita. Awo na biyu, daƙiƙa 17. Sau biyar na maimaita, ba ta wuce 20 ba.

Da ya fita, Microsoft Defender, antibayiros ɗin da yake zuwa cikin Windows, ya farka da kansa, kamar yadda aka gina shi: yana janyewa idan an saka wani, ya dawo idan an cire.

Talata, 16 ga Satumba

Na zauna da Alhaji bayan la'asar. Lasisin zai ƙare a watan gobe, kuma har ya ware kuɗin sabuntawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so a dakata da biyan nan." Na nuna masa hotunan da lambobin awo.

Ya duba a natse, sannan ya ce, "Malam, ni abin da na sani, abin da aka ba ka kyauta ba ya kai wanda ka sa kuɗi ka saya. Idan cuta ta shiga ta cinye aikin mutane, wa za a kama?"

Tambayar tana kan hanya, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Shekarun baya ni ma haka zan ce. A zamanin Windows 7, Defender bai wuce mai kama manhajojin leƙen asiri ba, sai ka ƙara da Security Essentials da Microsoft ta fitar a 2009, shi ma a wancan lokacin ba a cika yabonsa ba. Daga Windows 8 ne aka mayar da Defender cikakken antibayiros. Na gaya masa akwai cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, AV-TEST a Magdeburg ta Jamus da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya, da suke jarraba waɗannan manhajoji a kai a kai, suna auna kariya da kuma nauyin da suke ɗora wa na'ura, kuma a 'yan shekarun nan Defender yana zama a sahu ɗaya da na kuɗi ta fuskar kariya. Na kuma ce masa ba kyauta ba ne, kuɗinsa yana cikin kuɗin Windows.

Amma ainihin hujjata ba ta cibiyoyin Turai ba ce, ta ɗakinmu ce. Wanda muka saya ba mugun abu ba ne, an dai ɗinka shi ne don na'ura mai ƙarfi. Ya zo da mai tsaron burauza, da VPN, da ma'ajin kalmomin sirri, da mai share shara, da mai sabunta manhajoji, kowanne da hidimarsa da za a jira a lokacin kashewa, kuma babu ɗaya da muke amfani da shi. A kan RAM giga 4 da faifai mai juyawa, wannan kaya ne da ya fi ƙarfin jaki. Kuma a wata shidan da suka wuce ba mu rasa fayil ko ɗaya saboda bayiros ba, amma mun rasa saboda kashewar dole. Tsaron da yake sa yaro ya danne maɓallin wuta, shi kansa ya zama hanyar ɓarna.

Ya ce in gwada na mako biyu, idan wani abu ya shigo, a koma. Na roƙe shi idan gwajin ya yi kyau a juya kuɗin zuwa batiran UPS da SSD, wato faifai marar juyawa mai sauri. Ya ce Allah ya kai mu.

Na duba wasu antibayiros na kyauta da ake cewa ba su da nauyi, na ajiye su. Da yawansu sharaɗinsu amfanin gida ne kawai, mu kuma wurin kasuwanci ne, ga kuma tallan da suke watsowa a allo wanda ɗalibi zai danna bai sani ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na gama cirewa a duka sha biyun. Goma sun dawo tsakanin daƙiƙa 14 da 25. Biyu sun ƙi.

Ta tara tana nan a minti ɗaya da ɗoriya, kuma babu sunan kowa a lamba 203. Na daɗe a kanta. Daga ƙarshe na gano ClearPageFileAtShutdown a rajista an mayar da shi 1. Ma'anarsa, duk lokacin kashewa sai Windows ta bi fayil ɗin da take ajiye rarar RAM a ciki ta shafe shi kaf. A ofishin da ake riƙe sirri mai nauyi wannan yana da amfani, a ɗakin koyon Excel ba shi da shi. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin manhajojin nan masu alkawarin ƙara wa kwamfuta gudu ce ta kunna shi. Na mayar da shi 0, ta sauko 19.

Ta bakwai kuwa ciwonta daban. Na duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo, sai ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, da wuraren da suka lalace aka canza musu gurbi. Wato antibayiros biyu sun wahalar da ita, amma faifan ma yana kan hanyarsa ta mutuwa. Da na tsaya a kan zargina na farko, da na ce an gama, wata rana ta tafi da aikin wani. Na kwashe komai na rufe ta, na manna takarda a jikin allon.

Litinin, 22 ga Satumba

Defender ma yana da nasa nauyin, kada in yi masa shaidar zur. Da safe, idan an kunna na'urorin, shirinsa mai suna Antimalware Service Executable yakan riƙe faifai na 'yan mintuna, Word ya riƙa jan ƙafa wajen buɗewa. Na rage kason ƙarfin da yake ɗauka a lokacin bincike, wanda asalinsa kashi 50 ne, zuwa 25, ta allon umarni na PowerShell. Na kuma mayar da binciken da yake yi a kan jadawali zuwa lokacin sallar azahar, da ɗakin yake zama babu kowa.

Sai batun sabuntawa. Intanet ɗinmu na MiFi ne, kuma na saita shi a matsayin layi mai ƙidayar data don kada Windows ta shanye mana kuɗi. Na lura na'urori huɗu bayanan cututtukansu sun kwana biyu ba su sabunta ba. Mafitar da na samu: Microsoft tana ajiye fayil ɗin sabuntawar gaba ɗaya a shafinta, mpam-fe.exe. Ina sauko da shi sau ɗaya, in zagaya da shi a filashina. Aiki ne, amma data ɗaya ake ci maimakon sha ɗaya.

Don in tabbatar mai gadin ba barci yake ba, na yi gwajin EICAR. Ɗan rubutu ne mai haruffa 68 wanda ba ya cutar da komai, amma masu yin antibayiros sun amince su kama shi kamar cuta ta gaske. Na manna shi a Notepad, na adana. Kafin in ɗaga hannu daga linzami, sanarwa ta fito, fayil ɗin ya ɓace. Na tara ɗaliban na sake yi a gabansu, don su san kamannin sanarwar gaskiya, su bambanta ta da ta bogi da take faɗowa a burauza tana cewa kwamfutarka ta kamu, danna nan.

Asabar, 27 ga Satumba

Jarrabawar gaske ta zo yau ba tare da na shirya ta ba. Wani bawan Allah ya kawo filashi a buga masa takardun neman aiki. Da aka soka, maimakon manyan fayilolinsa sai ga gumakan gajeriyar hanya, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa. Duk wanda ya yi aiki a shagon buga takardu ya san wannan cutar: tana ɓoye ainihin fayilolin, ta ajiye na bogi masu sunansu, kana dannawa ta gudanar da wani ɓoyayyen rubutun umarni ta shige na'urarka, daga nan duk filashin da aka soka ya ɗauka. Defender ya kama rubutun tun kafin a danna komai. Mutumin ya riga ya dafe kai, yana cewa takardun makarantarsa duk suna ciki. Na ce, "Yallaɓai, kwantar da hankalinka, suna nan." Na buga attrib -h -r -s /s /d a kan filashin, suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Na kira Alhaji ya gani da idonsa.

Duk da haka ba zan jingina da manhaja kaɗai ba. Daga yau filashin waje a kwamfuta ɗaya tak ake soka shi, ta kusa da ƙofa. Na kashe AutoPlay, mai buɗe filashi da kansa da zarar an soka, a duka. Na sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan kowane fayil, don a ga bambancin takarda da shirin da ya yi shigar takarda. Ɗalibai sun koma asusu marar iko, kalmar sirrin babban asusun tana wurina da wurin Alhaji. Ayyukansu kuma ana kwafe su zuwa faifan waje duk ranar Alhamis, a zare shi a sa a durowa. Waɗannan duka ba su ƙara wa kashewa ko daƙiƙa ɗaya ba.

An ɗauke wuta da yamma. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina kallo, sha ɗayan duk suka mutu da kansu, UPS suna kan kuka ba su kai ga yankewa ba. Ɗalibar nan mai lissafin shago ta kai hannu wajen maɓalli bisa sabo, kafin ta taɓa fitilar ta mutu.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu ne, ɗakin babu kowa, na samu sararin aiki. Alhaji ya amince, ba a sabunta lasisin ba. An sayo batira shida da SSD biyu masu giga 256. Na sa ɗaya a ta bakwai na ɗora mata Windows sabuwa: tana kashewa a daƙiƙa 7, kuma jan ƙafar safiya ya tafi gaba ɗaya. Ɗayan na ta kusa da ƙofa ne, tunda ita ce mai karɓar baƙi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 14 ga wannan watan Microsoft za ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke jikin kwamfuta, da Intel na zango na takwas zuwa sama, namu na huɗu ne, babu wadda za ta haye. Wannan ya fi batun antibayiros girma, don antibayiros ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows kanta. Cutar kwamfutar nan WannaCry da ta durƙusar da asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 ta irin wannan ɓarakar ta bi, a na'urorin da ba a yi wa gyaran da ya riga ya fito ba. Akwai shirin ƙarin wa'adi da Microsoft ta buɗe, na masu amfanin gida zai kai 13 ga Oktoban 2026, na ma'aikatu kuma biya ake yi a kan kowace na'ura. Gobe zan kai wa Alhaji lissafinsa.

Kafin nan na sauko da Linux Mint, wani tsari madadin Windows, zan ɗora ta a kan ta goma sha biyu in ga yadda ɗaliban za su karɓi LibreOffice, madadin Word da Excel, da kuma ko firintarmu za ta yarda da ita. Damuwata ita ce masu ɗaukar aiki Word da Excel suke tambaya, kuma don su iyaye suke biyan kuɗin horon. Zan ba ɗalibai uku ita na mako guda, daga Litinin, in rubuta duk inda suka tsaya.